Layi na Ɗari Huɗu da Tara

Mushe Tankari ya rasu tsakiyar damina,
ya bar mini tabarau mai ƙafa ɗaya
da manhajar da ya rubuta tun ina aji uku a lakkwal,
wadda ke ƙirga buhunan aya
na ƙungiyar ƴan kasuwar Ɗan Gulbi.

Shekara goma sha tara tana tafe
kamar jakin da ya san hanyar gida.
Sai bana sabuwar kwamfuta ta iso daga Yamai,
ta dube ta sama da ƙasa,
ta ce ita ba ta jin wannan tsohon yare.

Na zauna koyon sabon salo.
In da kuran, fanka na kaɗa mini takardu.
In an ɗauke, in ja tabarma tsakar gida,
ni da cocila da sauro muna bita.

A sabon harshen kowa sai ya faɗi asalinsa
tun daga bakin ƙofa:
lamba ce ke, ko suna, ko kwanan wata?
Ita kanta babu sai ta yi sallama kafin ta shigo.
Aiki biyu na tafiya lokaci guda,
tuwo a wannan murhu, miya a wancan,
ba mai tsayawa jiran wani.

Layi arba'in na Mushe,
idan cikin idan cikin idan,
kamar ƙwarya cikin ƙwarya a ɗakin kakata,
na tankaɗe su suka koma huɗu.
Na yi dariya ni kaɗai da ƙarfe biyun dare.
Na ce, Allah ya ji ƙanka tsoho, ka sha wuya.

Sai layi na ɗari huɗu da tara.
Yana tsince duk canjin da bai kai dala biyar ba
ya zuba a wani asusu da ba shi da suna,
harafi ɗaya kawai da lamba.
A samansa Mushe ya rubuta: kar a taɓa.
Bai ce don me ba.
Na bincika, ba rahoton da ke kiransa.
Na ce shara ce.
Na share.

Gwaji arba'in da bakwai duka suka yi kore
kamar fadamar Gulbi bayan ruwan Agusta.

Ƙarshen wata Bawa Kane ya tsaya ƙofar mangaza,
gammo a hannu, ƙurar aya a gira.
Ya ce, ɗiyar Mushe, kuɗin magani ba su fito ba.
Na ce wane magani?
Ya dube ni yadda kwamfutar Yamai ta dubi manhaja.

Ya ce shekarar da buhu ya karya bayan Ɗan Ladi
manya suka zauna gindin bedi bayan la'asar,
suka ce ɓarɓashin kowane ciniki
na masu ɗauka ne, ranar ciwo.
Ba a sa hannu a takarda ba.
Uku daga cikinsu sun riga mu.
Mushe ne ya ce shi zai gaya wa na'ura.

Daren nan ban kunna fanka ba.
Na tono layin daga tsohon kwafi,
na sake rubuta shi da sabon harshe,
na raɗa masa suna: asusun ƴan dako.
Na sa masa gwaji nasa, na arba'in da takwas,
mai yin ja in wata mai sauri irina ta zo.
A samansa na rubuta Ɗan Ladi, da shekarar, da bedin.

Saura layi dubu shida.
Yanzu in na tarar da wanda ban gane ba,
sai in rufe kwamfuta, in ɗauki mayafi,
in tare kabu-kabu zuwa kasuwa.